Ka sako takalmin gudunka a jaka

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ina taya ka murnar samun gurbin digiri na biyu a Jami'ar Edinbara, Allah ya sa a gama lafiya. Zancen biza da kuɗin haya mun riga mun tattauna a waya. Saura tambayar da ka maƙala a ƙarshe kamar da wasa, wai kai da ka saba zagaya Filin Sukuwa da gudu kowace asuba, in ka zo Sikotland sai ka rataye takalmi har sanyi ya wuce?

Kada ka rataye. Ni na rataye nawa a shekarar farko, kuma na ji a jikina.

Sanyin garin nan bai kai na Kanada ko Rasha ba. A Disamba da Janairu yawanci tsakanin digiri 1 ne zuwa 7, dusar ƙanƙara kuma in ta sauka cikin gari ba ta cika daɗewa ba. Abin da ke karya baƙo duhu ne da iska. Tun daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba, da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, yini yake ta tsukewa. A tsakiyar Disamba rana ba ta leƙowa sai wajen 8:40, kafin 3:40 na yamma kuma ta faɗi. Ka yi Azahar da sha biyu da 'yan mintoci, kafin ka fito daga lacca La'asar ta shiga, kana neman abin taɓawa wayarka ta kira Magariba. Ni dai daga ɗaki sai laburare, daga laburare sai ɗaki, ga barci ba ya isa, ga kewar gida ba dalili. Hukumar lafiya ta nan tana ba kowa shawarar shan bitamin D, maikirogiram 10 a kullum, daga Oktoba zuwa Maris, mu masu baƙar fata kuwa har duk shekara. Na sha, ya taimaka. Amma abin da ya dawo da ni hayyacina shi ne fita gudu a tsohon gari.

Ga hanyar da nake bi. Ina yin Asuba a babban masallaci da ke Potterrow, daf da jami'arku, wanda aka buɗe a 1998. Daga nan sai in gangara Candlemaker Row, layin masu yin kyandir na da, in faɗa Grassmarket inda aka riƙa cinikin dawaki da shanu, aka kuma riƙa rataye masu laifi a bainar jama'a. In kana tsaye a nan da duhun safiya ka ɗaga kai, za ka ga ƙaton gidan sarauta a kan dutse an haske shi da fitilu, kamar zai rikito maka. A gefe akwai matattakala da ake kira Vennel. Hau ta ko da numfashinka zai ƙare, domin a samanta akwai ragowar ganuwar da mutanen garin suka gina bayan Ingila ta ragargaza Sikotland a yaƙin Flodden a 1513. Ganuwar ce ta matse garin, ba filin faɗaɗawa, sai suka yi ta ɗora bene kan bene. Shi ya sa lungunansu suke da tsawo da duhu, wani ma in ka buɗe hannuwa sai ka taɓa bango biyu. Su suna ce wa lungu “close”. Akwai Fleshmarket Close na mahauta, ga Cowgate hanyar shanu. Ɗan cikin badala irinka, da ya san Dukawa da Soron Ɗinki, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Daga ƙofar gidan sarautar sai ka miƙe Royal Mile, gangara ce zalla mai kusan kilomita biyu har fadar Holyrood da majalisar dokokin Sikotland. Da rani ba ka isa ka yi gudu a titin nan ba, masu yawon buɗe ido sun cika shi maƙil, musamman a watan Agusta. Da hunturu ƙarfe bakwai na safe kuwa daga kai sai masu shara da motocin kai kaya. Takun ƙafarka kake ji yana amsawa a bango. A bakin majami'ar St Giles za ka ga siffar zuciya da aka shirya da duwatsu a ƙasa, wurin tsohon kurkuku ne, kuma 'yan gari suna tofa mata yawu in za su wuce, don haka ka kauce. In da sauran ƙarfi ka shiga Holyrood Park ka hango Arthur's Seat, dutse mai tsayin mita 251. Ni da duhu ba na hawa, sai ranar Asabar in gari ya waye.

To, ga inda zan ja maka kunne. Titunan tsohon gari da duwatsu aka shimfiɗa su, an tattake su shekara da shekaru har sun yi sumul. In aka yi yayyafi da dare sanyi ya kama, sai ruwan ya daskare siriri yadda ido ba ya gani. Wata safiya a Victoria Street, wannan lanƙwasasshen titin mai shaguna kala-kala, ƙafata ta kwashe, sai ji na yi tim a ƙasa, mako biyu ina sallah a zaune. Tun daga ranar, in na ga gilashin motoci ya yi fari da safe, nakan taƙaita taku, in bi inda aka watsa gishiri, ko in haƙura in zagaya filin Meadows da ke bayan jami'a.

Kuma kada ka jibga kaya kamar mai gadi a Jos. Riga mai kama jiki wadda ba ta auduga ba, sai wata marar nauyi mai tare iska, da safar hannu da hula mai rufe kunne. Auduga tana shan gumi ta manne a jiki, iska ta buga ka, sai mura. Ka fito kana ɗan jin sanyi, minti goma jiki ya ɗau zafi. Ka sa wani abu mai ƙyalli don direbobi su gan ka. Man shafawa kuma kamar lokacin hunturunmu, leɓe da hannu suna tsagewa.

In kana son abokan gudu, kowace Asabar 9:30 na safe ana parkrun, wato gudun jama'a na kilomita 5 kyauta, akwai ɗaya a Cramond bakin teku. Ka yi rajista a intanet kawai ka je.

Kayan sanyi ka bari sai ka zo mu saya a nan. Kilishi kada ka ɗauko, ba a yarda a shigo da nama ba. Yaji da kuka da daddawa dai ka cika min leda. Ka gaishe da su Hajiya.