Ikon Allah da ikon jama'a: wanne za mu kama?

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Agege, Legas: "A coci ana koya mana cewa iko duka na Allah ne. Ɗana kuma ya dawo daga makaranta yana cewa tsarin mulki ya ce iko na jama'a ne. Wanne za mu kama?"

'Yar'uwa, ɗanki ya faɗi gaskiya. Sashe na 14(2)(a) na tsarin mulkin 1999 ya ce diyaucin Najeriya yana hannun jama'arta, daga gare su gwamnati ke samun ikonta. Abin da kika ji a coci ma daidai ne. Kalma ɗaya ce ke ɗauke da kaya biyu.

A ilimin siyasa, diyauci shi ne ikon yanke magana ta ƙarshe a cikin iyakokin ƙasa. Jean Bodin na Faransa ya fayyace shi a 1576, lokacin da Katolika da Furotesta ke yaƙar juna. Ya ɗora shi a kan sarki, amma ya ce sarkin ma yana ƙarƙashin dokar Allah. A 1762 wani masani mai suna Rousseau ya mayar da shi ga jama'a. Irin wannan iko yakan sauya hannu, Legas kuwa shaida ce: a 1861 sarkinta Oba Dosunmu ya sa hannu ya miƙa ta ga Ingila, jirgin yaƙinsu na tsaye a kan ruwa, sai a 1960 ikon ya dawo gida.

A tauhidin Kirista, ikon Allah ba wanda ya ba shi, ba mai ƙwace shi. Na kowane mai mulki aro ne. Haka Yesu ya nuna wa Bilatus a Yahaya 19:11, cewa daga sama aka ba shi ikon da yake taƙama da shi.

Ɓarnar tana faruwa ne idan shugaba ya riƙe Romawa 13:1, ayar da ta ce a yi biyayya ga masu mulki, ya rufe bakin talakawa da ita, ya tsallake aya ta 4 da ta kira shi bawan Allah domin alherin mutane. Wannan ya fi damuna, domin da sunan Allah ake zaluncin. Idan umarninsa ya saɓa wa na Allah, Ayyukan Manzanni 5:29 ta nuna wanda za a bi.

Akwai kuma masu cewa Allah ke ba da mulki, sai su bar katin zaɓe a cikin akwati a gida. Tunda tsarinmu ya sa zaɓen shugaba a hannunki, ke ma aron nan ya shafe ki, ranar zaɓe ki ɗauki katinki ki fita.