Tambaya da Amsa: Kwana Uku a Nashville da Iyali

Tambaya: Assalamu alaikum. A Jidda nake zaune, ɗana kuma yana karatu a jihar Tennessee ta Amurka. Za mu kai masa ziyara ni da mahaifiyarsa, ya ce zai kai mu Nashville mu yi kwana uku. Me ake gani a can, kuma ina ne bai kamata mutum ya shiga da iyali ba?
Wani Alhaji, Jidda

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya kai ku lafiya. Nashville ce babban birnin jihar, tana bakin kogin Cumberland, kuma kiɗan kantiri ne ya fito da sunanta: waƙar mutanen karkarar kudancin Amurka da ake yi da jita, goge da banjo. Shi banjon asalinsa kayan tsirkiya ne da bayi suka zo da fasaharsu daga Afirka ta Yamma. Kana ganinsa za ka tuna gurmi.

Shawararmu, ku ci garin da rana. Ku fara da zauren Ryman. A matsayin wurin wa'azin Kirista aka gina shi a 1892, shi ya sa har yau a kan bencin katako ake zama. Daga 1943 zuwa 1974 nan ne gidan Grand Ole Opry, shirin rediyo na kiɗan kantiri da ake yi a gaban 'yan kallo, wanda aka fara a 1925 kuma bai tsaya ba. Daga nan da ƙafa za ku isa gidan tarihi na Country Music Hall of Fame, ku ware masa awa biyu zuwa uku. Ga inda baƙi ke yin kuskure: ɗakin ɗaukar waƙa na RCA Studio B, inda shahararren mawaƙin Amurka Elvis Presley ya yi waƙoƙi da yawa, ba a zuwa kai tsaye a biya a ƙofa. A gidan tarihin ake yankar tikitinsa, motarsu ce ke kai mutane, kujerun kuma ƙidayayyu ne. Yaron ya saya ta intanet tun kafin ku sauka. Gidan tarihin kiɗan baƙaƙen Amurka, wanda aka buɗe a 2021, yana dab da Ryman, kuma a ganinmu kada ku tsallake shi.

Sabon zauren Opry, inda shirin ya koma bayan ya bar Ryman, yana bayan gari, kamar minti ashirin a mota, kuma ba kullum ake wasa ba. Ku duba ranakun. Yana ɗaukar mutum wajen 4,400, a tsakiyar dandalinsa akwai da'irar katako da aka yanko daga dandalin Ryman, nan mawaƙi ke tsayawa.

Rana ta uku ku sarara a lambun Centennial, inda aka gina kwafin Parthenon, tsohon ɗakin bauta na Girka, a 1897, daidai da girman na asali. A ciki akwai gunki mai tsawon kusan mita 13. In Hajiya ba ta son gani, zagayen waje ma ya isa.

Inda za ku kauce wa shi ne ɓangaren titin Broadway da ke kusa da kogi bayan magariba: mashaya ce jere da mashaya, kiɗa na tashi daga kowace ƙofa, ga 'yan maye. Ku ratsa shi da hantsi, ku hau gadar ƙafa da ke kan kogin ku ɗauki hoto. Ku guji farkon Yuni kuma, lokacin babban bikin kiɗan kantiri na CMA Fest, kuɗin otal kan yi tashin gwauron zabo.

Tambaya: Abincin halal da masallaci fa, ana samu?
Wata Hajiya, Madina

Amsa: Ana samu, Hajiya. Nashville ce ta fi kowane birni a Amurka yawan Kurdawa, kuma a titin Nolensville Pike shagunansu suke: nama, gurasa mai zafi, shawarma, har da masallacinsu, cibiyar Salahadeen. Akwai kuma Islamic Center of Nashville a titin 12th Avenue South. Alƙibla a can arewa maso gabas take. A yi hattara da soyayyiyar kazar nan mai yaji da garin ya yi suna da ita, domin wasu da kitsen alade suke kwaɓa yajin. A tambaya kafin a saya. Kuɗin da ke rubuce a takardar abinci kuma ba shi ke nan ba: za a ɗora haraji kusan kashi 10 cikin ɗari, sannan mai kawo abinci yana jiran tukuicin kashi 15 zuwa 20.