Yarona ya dame ni sai na saya masa sikuta mai caji

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce a nan Kano, yarona ɗan shekara 13 ya hana ni sakat wai sai na saya masa ɗan babur ɗin nan mai caji da ake tsayuwa a kai, ya riƙa zuwa makaranta da shi. Ni kuma kuɗin adaidaita ya ishe ni. In saya ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. In dai kan titi zai hau da shi, ki haƙura. Na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita sahu ya zama abin da ya zama, kowa a jikinsa yake ji, amma abin nan kallonsa ne kamar kayan wasa, gudunsa kuwa yakan kai kilomita 25 a awa, wasu ma sun wuce haka.

Ki duba tayarsa, 'yar mitsitsiya ce, inci 8 zuwa 10 yawanci. Ramin da adaidaita zai faɗa ya ɗan yi girgiza ya wuce, shi wannan tayar gaba ce za ta maƙale ya wuntsila, kuma da yake a tsaye mutum yake to fuska da kai ne ke fara isa kwalta. Sannan ba ya ƙara ko kaɗan, mu kuma da kunne muka saba tsallaka titi, tsohuwa ko ɗan yaro mai talla ba zai ji zuwansa ba sai dai ya ji an kwashe shi, daga neman sauƙin kuɗin mota sai ki tsinci kanki a asibiti kina biyan ɗorin ɗan wani.

Turawan ma da suke da hanyar keke daban sun gaji da shi. A Faris, babban birnin Faransa, ƙuri'a aka kaɗa a watan Afrilun 2023, kusan kashi 90 na waɗanda suka fito suka ce a kwashe na haya, aka kuwa kwashe a watan Satumba. A Jamus sai ɗan shekara 14 zai hau, gudu kar ya wuce kilomita 20, kuma dole da inshora. Naki ko a can bai kai ba, balle a titin Zariya tsakanin tirela da 'yan adaidaita. Ki saya masa keke mai birki mai kyau, ya bi ta lungu.

Tambaya: Ni ma'aikaci ne, mai zama nake so irin roba-roba amma mai caji, don zuwa ofis. Me zan duba?

Amsa: Kai kam Malam saya, zai rage maka zafin fetur. Batir ne ke cin kaso mai tsoka na kuɗin mashin ɗin, so ka fara tambayar nawa ake canja shi kuma akwai shi a gari ko sai an yi oda. Na litiyam ya fi rashin nauyi da daɗewa, sai dai in ya kama da wuta kashe shi aiki ne, shi ya sa a Landan aka hana shiga da sikuta jirgin ƙasa da bas tun Disambar 2021. Kar ka jona shi a ɗakin kwana ko bakin ƙofa ka yi barci don NEPA ta kawo wuta cikin dare, kar ka sa cajar da ba tasa ba, in ka dawo cikin zafin rana ka bari ya huce tukuna. Nisan da mai shago zai ce yana kaiwa da caji ɗaya kuwa ka rage wani abu a ciki, da goyo ma ya fi saurin shanyewa. Ka gwada birki da hon da fitila a gabansa, hular kwano kuma ka sa shi ya haɗa maka a cikin cinikin tun kafin ka tura kuɗi.