Me ya hana bawon bishiyar beryoza ruɓewa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ga wani shiri a talabijin inda aka tono wasiƙu a Rasha, an rubuta su a jikin bawon bishiya, wai sun shekara ɗari bakwai ko fiye a binne. Wace bishiya ce wannan, kuma yaya aka yi bawo ya daɗe haka bai ruɓe ba?

Amsa: Barka kadai. Rashawa na kiranta beryoza, mutanen Ingila kuma birch. Nau'in da ya bazu daga Turai har Saberiya shi masana tsirrai ke kira Betula pendula. Siririya ce mai farin jiki, takan kai mita 25, ƙananan rassanta na reto ƙasa kamar jelar doki. A 1988 mutanen Finland suka zaɓe ta bishiyar ƙasarsu.

Farin nan da ka gani wani sinadari ne, betulin, wanda ya cika bawon waje. Ruwa ba ya ratsa shi, fumfuna da ƙwayoyin cuta kuma ba sa samun yadda za su ci shi da sauƙi. Itacen ciki kuwa ba shi da wannan gata. Shi ya sa a dazuzzukan arewacin Turai da Rasha za ka tarar da kututturen da ya faɗi shekaru da dama, ka ɗaga shi ka ji shi sakayau: cikin ya zama gari, bawon na nan kamar bututu.

Sai dai kada mu ba bawon yabon duka. Ƙasar birnin Novgorod, inda aka tono wasiƙar farko ranar 26 ga Yuli 1951, jiƙaƙƙiya ce, iska ba ta shiga cikinta, kuma ruɓa na son iska. Yanzu an tara sama da wasiƙu 1,000. Kusan duka ba da tawada aka yi su ba, da tsinken ƙashi ko na ƙarfe aka karce bawon. Yawanci maganar bashi ce da saƙon kasuwa, har da mai neman aure. Ni dai wanda ya fi burge ni wani yaro ne, Onfim, a ƙarni na 13, da yake koyon baƙaƙe, ya gaji, ya zana kansa bisa doki yana soke abokin gaba.

A daji, beryoza ce mai riga kowa zuwa. Gobara ta cinye wuri ko an sare shi, sai iska ta kwaso 'ya'yanta masu ɗan fiffike, ta watsa. Tana son rana, tana girma da sauri, kuma ganyenta ba ya yin duhu, don haka ciyawa da ƙananan tsirrai na rayuwa a ƙarƙashinta. A inuwar nan tata bishiyoyi masu ganye kamar allura ke tasowa, daga baya su kere ta su tare mata rana. Ba kasafai take wuce shekara ɗari ba.

Mutanen arewacin Turai sun daɗe da gane darajar bawon. A Norway da Suwidin ana shimfiɗa shi a rufin ɗaki, a ɗora ƙasa mai ciyawa a kai, ƙasar ta danne, bawon ya tare ruwa. Ana saƙa kwando da takalmi da shi, kuma yana kama wuta ko da ya jiƙe. Idan aka gasa shi inda iska ba ta kai masa sosai, baƙar kwalta ke fitowa; da ita mutumin nan Ötzi, wanda aka tsinci gawarsa a ƙanƙarar tsaunukan Alps a 1991, ya liƙe kan kibansa, shekara kusan 5,300 da suka wuce.

Da lokacin sanyi ya zo ƙarshe, kafin ganye ya toho, ana huda gindinta a tari ruwanta a sha. Kada ka zata zuma ce, zaƙin kaɗan ne ƙwarai. Rassanta masu ɗanyen ganye kuma ana ɗaure su dami, a riƙa bugun jiki da su a ɗakin sirace na Finland da Rasha.

Masu ɓare bawon sukan jira farkon lokacin zafi, sa'ad da yake saɓulewa da kansa, su ɗauki farin saman kawai. Wanda ya zurfafa wuƙa ya zagaye gindin har ya yanke bawon ciki, ya datse hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa, bishiyar kuma bushewa za ta yi.