Likita ya ce a cire mini mahaifa, ni kuwa tsoron wuƙa nake ji

Assalamu alaikum Mma Hajiya,

Shekarata 42, ina zaune a Aboabo nan Kumasi, sana'ata dafa wake da shinkafa. 'Ya'yana uku, duka mata. Shekara biyu ke nan al'adata ta rikice, sai in yi kwana goma sha biyu ina zubar da jini har da gudaji, na rasa gane ranar da zan yi wanka in kama salla. Da asuba nake hura wuta, amma yanzu ko tukunya na sauke sai jiri ya ɗebe ni. An yi mini hoton ciki, aka ce ƙari ne a mahaifa har guda uku, babban ya kai lemo girma. Likita ya ce a yi tiyata a cire mahaifar.

Ƙanwar mahaifiyata tiyata aka shiga da ita, gawarta aka fito da ita. Maigida kuma yana sa ran ɗa namiji, ya ce ba da yardarsa ba. Wata bakwai ina shan maganin gargajiyar da ake talla a rediyo, kuɗi sun ƙare, ciki yana nan yadda yake. Ɗiyar yayata mai aikin jinya a Jamus ta ce akwai aikin da ake kashe ƙarin ba tare da an tsaga ciki ba. Mma, gaskiya ne? In bi wanne?

'Yarki daga Aboabo

Wa alaikumus salam 'yata,

Allah Ya jiƙan innarki, Ya ba ki lafiya. Ɗiyar yayarki gaskiya ta faɗa. Wani likita a Faransa, Jacques Ravina, shi da abokan aikinsa suka bayyana wannan hanya a 1995, kuma tun daga lokacin ake yin ta a ƙasashe da dama.

Ƙari da jini yake rayuwa, kamar yadda shuka take rayuwa da ruwa. Sai likita ya yi allurar kashe zafi a gindin cinya ko a wuyan hannu, ya huda wuri ɗan mitsitsi, ya zura siririyar roba cikin jijiyar jini. Yana kallon tafiyarta a allon na'urar ɗaukar hoto har ta isa jijiyoyin da ke shayar da mahaifa. Daga nan sai ya tura wasu ƙwayoyi ƙanana kamar yashi su toshe hanyar da jini ke bi zuwa ƙarin. Idonki biyu za a yi, ba ɗinki, mahaifarki tana wurinta. Yawanci kwana ɗaya ake yi a asibiti, cikin mako ɗaya zuwa biyu mace ta koma hidimarta. Wadda aka tsaga wa ciki kuwa sai ta yi mako huɗu zuwa shida, kuma na san abin da mako shida ba kasuwa yake nufi ga mai ciyar da gida da murhu.

Amma kada ki ɗauka ba wahala. Kwanakin farko akwai ciwon mara mai tsanani, wani lokaci da zazzaɓi da tashin zuciya. Ƙarin ba ɓacewa yake yi ba, motsewa yake a hankali cikin watanni, ko da yake yawancin mata jinin yana raguwa sosai. Wasu bayan shekaru matsalar takan dawo, a sake aiki. Wadda ta kusa daina al'ada kuma, aikin yana iya gaggauta ɗaukewarta.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kin faɗa mini burin maigida, ba ki faɗa mini naki ba. Ke kina son ƙarin haihuwa? Idan kina so har zuciyarki, likitoci sun fi karkata ga tiyatar da ake cire ƙarin kawai a bar mahaifa, domin toshe jijiya yana iya taɓa ƙwan mace da lafiyar ciki nan gaba. Idan kuwa kin gama, abin da kike nema jinin ya tsaya ki riƙe mahaifarki, to toshe jijiyar ya cancanci ki tambaya a kansa. Ku zauna da maigida cikin ladabi, ki nuna masa cewa a shekara 42, da ƙari uku da ƙarancin jini, ciki ma haɗari ne gare ki. In da hali ku je wurin likita tare, ya ji da kunnensa. Namiji ko mace kyautar Allah ce, 'yan matan nan uku kuwa uwarsu suke bukata.

Maganin rediyo ki ajiye shi daga yau. Raina ya ɓaci da na karanta wata bakwai, domin jinin da kika zubar a watannin nan shi ya fi ƙarin ba ni tsoro. Jirin nan alamar ƙarancin jini ce. Cikin makon nan ki je a auna jininki, a ba ki maganin ƙarin jini, akwai kuma magungunan rage zubar da likita zai iya rubuta miki kafin a yanke shawara. Batun salla ki kai wa malama a unguwarku, jinin cuta hukuncinsa daban da na haila.

Ki nemi takardar turawa zuwa babban asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, ki ga likitan mata, ki ce kina son jin ra'ayi na biyu. Ki tambaye shi kai tsaye ko irin ƙarinki ya dace da toshe jijiya, domin girmansa da inda ya zauna su ke yanke hukunci, kuma sau da yawa sai an yi hoton MRI, wato hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, kafin a sani. Likitocin da ke yin aikin toshe jijiya ba su da yawa a Ghana, saboda haka ki tambayi inda ake yi, a Kumasi ne ko sai Accra, nawa ne kuɗin gaba ɗaya, kuma me katin inshorar lafiya na NHIS zai ɗauke miki. Ki tafi da hoton da aka yi miki da sunayen duk abin da kika sha, har na gargajiyar. In kin dawo ki sake rubuto mini abin da suka ce.

Mma Hajiya