Tambaya da Amsa: Motata Tana Karkarwa, Zan Iya Gano Matsalar a Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina zaune a Unguwar Rimi a nan Kaduna, kuma ina da Toyota Corolla ƙirar 2007. Kusan mako biyu ke nan idan na tayar da ita da safe sai ta riƙa karkarwa har sitiyari yana rawa a hannuna, idan kuma zan hau gadar Kawo sai ƙarfinta ya ragu, fitilar nan mai hoton inji ta riƙa ƙyaftawa. Mai ma ya daina yi mini auki. Wani makanike ya ce in sayo koyil huɗu (masu ba fulogi wuta) da nozul huɗu (masu fesa mai a inji) a canza baki ɗaya. Akwai abin da zan iya dubawa da kaina kafin in kashe wannan kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, alamomin da ka lissafa su ne na abin da muke kira misin a gareji, wato ɗaya daga cikin silindojin injin ya daina ƙona mai yadda ya kamata. Idan motarka irin wadda ake shigowa da ita daga Amurka ce, injinta shi ne 1ZZ-FE mai lita 1.8, silinda huɗu gare shi, kuma kowane silinda yana buƙatar abu uku kafin ya yi aiki: cakuɗar mai da iska daidai gwargwado, matsi mai ƙarfi idan fistin ya hau, da kuma tartsatsin wuta daga fulogi a kan lokaci. Da zarar ɗaya ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan, sai sauran ukun su riƙa jan sa kamar kaya, kuma wannan rashin daidaito shi ne karkarwar da kake ji a hannunka.

Kafin komai, ina roƙonka da ka rage hawan motar nan. Fitilar inji idan ta kama ta tsaya cik, tana cewa ne a duba idan an samu dama, amma idan tana ƙyaftawa, ma'anarta ɗanyen mai yana wucewa zuwa salansa yana ƙonewa a cikin matatar hayaƙi, wadda makanikanmu suke kira indomi. Zafin yana iya narkar da cikinta ta toshe, kuma kuɗinta ya ninka na koyil sau da yawa.

Ban yarda da shawarar sayen kaya takwas a lokaci ɗaya ba, domin da wuya ƙwarai koyil huɗu su mutu a mako ɗaya, kuma wanda bai san silindan da yake ciwo ba, canki-canka kawai yake yi da aljihunka. Motar da kanta tana iya gaya maka inda yake mata ciwo. Tun daga 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke zuwa da tsarin OBD-II, kuma a ƙarƙashin sitiyarinka akwai soket mai rami 16 inda ake jona na'urar bincike. Akwai ƙananan na'urori masu araha irin su ELM327 da suke haɗuwa da waya ta Bluetooth, idan kuma ba ka da ita, masu rewaya da yawa za su duba maka a kan kuɗi kaɗan. Idan ta nuna P0301, silinda na ɗaya ne, P0302 na biyu, haka har P0304. A wannan injin ana fara ƙirga ne daga ɓangaren da bel yake. Lambar P0300 kuwa tana nufin misin ɗin yana yawo ne tsakanin silindoji, zan dawo kanta.

Idan babu na'ura ko kaɗan, ka bar motar tana silo a fili, giya a fakin, burkin hannu a ja, sannan ka cire soket ɗin nozul ɗaya na ɗan lokaci ka mayar, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Silinda mai lafiya idan ka yanke masa mai, karkarwar za ta ƙaru nan take. Wanda ka cire nasa amma sautin injin bai canza ba, shi ne mai laifin. Kada ka zaro koyil da hannu injin yana aiki, domin wutar da ke cikinsa dubban bolt ce, ka kuma nisantar da hannun riga daga bel da fanka.

Mu ɗauka silinda na biyu ne mai laifin. A nan ne gwajin da na fi amincewa da shi yake, kuma ba ya cin ko sisi. Ka kashe motar ka bari ta huce sarai, domin kan injin alminiyom ne, kwance fulogi da zafi yana iya cinye zaren ramin. Ka kwance noti mai lamba 10 da ke riƙe da koyil na biyu, ka musanya shi da na huɗu, ka goge lambar da ke cikin na'ura, ka ɗan zaga unguwa. Idan lambar ta koma P0304, ciwon ya bi koyil ɗin, shi kaɗai za ka saya. Idan ta tsaya a P0302, koyil ba shi da laifi, sai ka yi wa fulogi irin wannan musaya da sifana mai lamba 16. Ganin cewa motarka ta fi yin misin a lokacin hawa, inda matsi yake ƙaruwa kuma tartsatsi yake buƙatar ƙarfi sosai kafin ya tsallaka, zatona ya fi karkata ga koyil ko fulogi.

Idan ka zaro koyil, ka haska ramin da tocila kafin ka taɓa fulogi. Ƙurar hunturun Kaduna tana taruwa a wurin, dole a hure ta kada ta faɗa cikin silinda. Idan ka ga baƙin mai ya kwanta a ramin, robar murfin inji ce take yoyo, kuma matuƙar ba a canza ta ba, sabon koyil ma zai lalace. A daminar da ta wuce wani bawan Allah ya kawo mini irin motarka tana rawa kamar mai zazzaɓi, yana ta salati don an ce masa sai an sauke inji. Da na zaro koyil na uku, sai ga ruwa ya cika ramin har ya yi tsatsa a jikin fulogi, ashe kwana biyu kafin nan an wanke masa inji da famfo mai ƙarfi. Muka busar da ramin, muka canza robar koyil ɗin da ta tsage, ya tafi abinsa.

Shi kansa fulogin ka duba bakinsa da kyau. Mai lafiya launinsa ruwan toka ne ko ruwan ƙasa mai haske. Baƙin hayaƙi busasshe yana nuna mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni, jiƙewa da baƙin mai tana nuna zoben fistin ko robar bawul ta gaji, wanda kuwa ya yi fes fiye da 'yan'uwansa kamar an wanke shi, to a ji tsoron ruwan lagireto yana shiga silindan. Tazarar bakin fulogin wannan inji milimita 1.1 ce, kuma wanda ya dace da shi irin na iridiyam ne, kamar Denso SK16R11. Idan fulogi ne ya gaji, a nan kam ka canza huɗun tare, tun da tare suka tsufa. Jabu ya yi yawa a kasuwa, don haka ko a Ori Apata ko a Panteka za ka saya, ka je wurin wanda zai karɓi kayansa idan sun ba da matsala. Ka fara ɗaura sabon da yatsu har ya zauna, sannan ka tsuke da sifana ba tare da danne shi da ƙarfin tsiya ba.

Sai koyil da fulogi sun fita daga zargi ake zuwa kan nozul. Ka ɗora bakin doguwar sukundireba a jikinsa, ka kara kunne a mariƙinta, za ka ji yana ƙas-ƙas a jere idan yana aiki. Wanda ya yi shiru, ko dai wayarsa ce ko shi kansa, wanda kuma ya toshe sau da yawa wanki yake buƙata kawai.

Idan kuwa P0300 ka gani, abin da ya shafi silindojin duka za ka nema. Ka tuna inda ka sha mai na ƙarshe, domin man 'yan bumburutu ba ya rasa ruwa ko gauraye. Ka buɗe matatar iska ka ɗaga ta a rana, idan haske ba ya ratsa ta, ta toshe. Idan lambar ta zo tare da P0171, iska ce take satar shiga, kuma wannan inji an san shi da yoyon gasket ɗin bututun shigar iska, wanda yakan tsananta da sanyin safiya ya lafa idan mota ta ɗumama, abin da ya yi kama da karkarwar da ka ce kana ji da safe.

Inda aikin gida ya ƙare shi ne idan ka yi duk musayar nan amma misin ɗin ya kafe a silinda ɗaya, ko ka ga ruwan lagireto yana raguwa tare da farin hayaƙi mai kauri daga salansa. A nan sai a je gareji a auna matsin kowane silinda da geji, kuma ka tsaya a rubuta maka sakamakon huɗun. Idan ɗaya ya gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, ana zargin bawul, zobe ko gasket ɗin kan inji, kuma sai an ga wannan lambar sannan maganar buɗe inji take tasowa.