Tambayoyinku Kan Mota: Mustang ta 1966 da birkin gaba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da Ford Mustang ƙirar 1966 mai injin V8, gadon mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa, shekara biyu kenan ina tada ta a hankali. Duk ƙafa huɗu birkin dorom ne, kuma ranar da na fita gwaji a titin Zariya saura ƙiris na daki ɗan adaidaita, na taka na taka motar tana ta tafiya abinta. Na ga kit ɗin birki na kamfanin Wilwood a intanet mai jan kalifa (abin da ke matse diski in an taka birki) da diski inci 13, dan Allah in saya? Daga mai karatu a Gyaɗi-Gyaɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya gafarta wa Baba, kuma ka kyauta da baka bari motar nan ta ruɓe a ƙofar gida ba.

Canza gaba zuwa diski kam dole ne, dorom idan ya ɗau zafi sai ya saki, ga zafin Kano ga cunkoso kana taka birki kowane minti. Amma kafin maganar kalifa buɗe bonet ka duba masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa ƙafafu in ka taka feda. Mustang ta 1965 da 1966 masta mai tukunya ɗaya ce, murfi ɗaya zagayayye, ita ke ba ƙafa huɗun mai gaba ɗaya, kaga idan fayif ɗaya ya fashe ko da na baya ne shikenan feda zai tafi ƙasa baka da komai sai hambirki. Sai a 1967 Ford ta koma mai tukunya biyu, gaba daban baya daban. Wallahi wannan ya fi damuna akan girman diski. Sa mai tukunya biyu, kuma ka tabbatar ta diski-gaba dorom-baya ce, domin mastar dorom tana da wani ɗan bawul da ke riƙe matsi a layi, idan ka haɗa ta da diski fad, wato takalmin birkin da ke cikin kalifa, zai dinga goga yana cin kansa, ka taɓa rim kaji kamar kasko. Sannan a sa bawul ɗin da ke rage matsin baya, in ba haka ba ƙafar baya zata riga kullewa motar ta juya da kai.

Yanzu maganar inci 13. Wilwood kaya ne masu kyau ban ce a'a ba, amma diski mai wannan girman yawanci sai rim inci 17, kai kuma motarka rim 14 take da shi. Kenan sabon rim huɗu, sabuwar taya huɗu, kuɗin jirgi da na kwastan da wannan dalar, kuma motar Baba ta daina kama da motar Baba. Ni da nine zan nemi kit irin na asali, wato na kamfanin Kelsey-Hayes mai fistin huɗu da diski wajen inci 11, shi ne wanda Ford da kanta take sa wa wanda ya biya ƙari tun 1965 har 1967, har yau ana ƙera sabonsa a Amurka kuma yana hawa kan sandar ƙafar V8 ba sai an yanka ko an yi walda ba. Sai dai ka gwada rim ɗaya tukuna, wasu rim 14 na dorom suna gogar kalifa ta ciki. Kuma ka gode Allah taka V8 ce mai noti biyar, mai silinda shida noti huɗu ce, aikinta ya fi haka yawa.

Wani zai ce maka a je Ƙofar Ruwa a samo kalifar wata mota Beljiyam a yi mata biraket. Ina girmama makanikanmu sosai amma kar ka yarda a yi walda da ƙiyasi akan birki.

Idan zaka yi oda haɗa da fad seti biyu ko uku da robobin kalifa, don ba zaka shiga kasuwa ka same su a nan ba. A canza duk tiyon roba, man birki DOT 3 ko DOT 4, kar a gauraya da DOT 5. Bayan an cire iska ka gwada ta a fili da sassafe kafin ka sake hawa titin Zariya.